Ranar da Isaka Tela Ya Mayar da Jaje

Duk wanda ya san layin teloli na Boukoki ya san yayana Isaka, wanda kuwa ya san Isaka ya san ƴarsa Huda ko da bai taɓa sa ta a ido ba, domin ba ka isa ka kai masa ɗinki ka fito ba ka sha labarinta ba. Ni ce gwaggonta, Zeinabou, mai atamfa a Babbar Kasuwa. Daga Maradi muka zo Yamai ni da shi tun muna da sauran ƙuruciya. A hannuna yarinyar ta ƙarasa girma bayan rasuwar uwarta, saboda haka abin da zan faɗa ba a bakin wani na tsinto shi ba.

Tun tana ƴar mitsitsiya bakin Huda ba ya mutuwa. Idan ta taso daga makaranta rumfata take zuwa, ta haye kan dilar atamfa ta harɗe ƙafa tana sauraron ciniki. Wata rana wata mata ta dawo mini da turmi, ta riga ta yanka ta wanke, wai launi bai yi mata ba in canza. Ina shirin tara mata jama'a, sai na ji wata siririyar murya daga saman dila: "Tanti, da kika saye shi, a yanke yake?" Matar ta kwashi kayanta ta yi gaba. Daga ranar maƙwabtan rumfa suka sa mata Alƙaliya, ni kuwa nakan ce Allah ya jiƙan mijin da zai yi gardama da wannan.

Ta yi karatun shari'a a jami'a, ta ci jarrabawar lauyoyi, aka sa ranar rantsuwa. Abokan karatunta duk daga ƙasashen waje suka aika a sayo musu baƙar rigar nan ta shiga kotu. Yayana ya yi tsalle ya dire, ya ce ƴar tela ba za ta sa rigar da wani ya ɗinka ba yana raye. Ya je ya aro ta wani tsohon lauya, ya juya cikinta waje, ya zauna yana nazarin tattarar kafaɗa kamar mai tilawa. Ni na nemo masa baƙin yadin. Lokacin ɗinkin Sallah ne, amma ya kori masu kawo aiki, har da waɗanda suka shekara da shekaru a hannunsa. Ranar rantsuwa da ta fito a cikin rigar, da farin ƙyallen nan a wuya, na waiga na ga yayana, namiji guda da furfura, yana share hawaye da hularsa. Tun daga ranar bai sake kiran sunanta ba, sai Metir, kamar yadda ake kiran lauyoyi a ƙasar nan. Hotonta na rantsuwa ya rataya a saman keken ɗinki, daidai inda mai shigowa zai fara gani.

Ta yi shekaru tana aikin, kuma ta yi suna. Ta buɗe ofis a unguwar Yantala, ta sayi mota. Idan ta tsaya ƙofar shagon ubanta, sai ka ga kekuna sun tsaya cak a layin, kowa na leƙe.

Al'adata ce duk Juma'a bayan an sauko in kai wa yayana dambu da zogale mu ci a shago. Muna cikin ci ranar sai ga Huda da jakar leda a hannu. Ta durƙusa ta gaishe mu, ta ajiye ledar a gaban ubanta.

"Baba, na kawo maka ajiya."

Ya buɗe, ya ga riga a ninke. Ya yi dariya ya miƙa hannu wajen gwangwanin allura. "Maɓalli ya hita?"

"A'a, Baba. Na aje aikin lauya."

Lomar da ke hannuna ban san inda ta faɗa ba. Na ce, "Ke, kanki ɗaya kuwa? Maimaita in ji."

Ta maimaita, ba ko gargada. Ta ce ita da kanta ta je wajen shugaban lauyoyi ta nemi a jingine sunanta, saboda ƙa'idar aikinsu ba ta yarda mutum ya riƙe kamfani kuma ya sa riga ba. Ita da ƙawarta Halimatou, wadda ta karanci aikin kwamfuta, za su buɗe wata lambar waya. Kowa zai iya bugawa, ko da ƴar ƙaramar wayar nan ce mai tocila, ya ji an yi masa bayanin doka da Hausa ko da Zabarmanci: abin da za ka yi idan an kama naka, ko mai gida ya watso maka kaya waje, ko za ka sayi fili. Za kuma ta riƙa koyar da ɗaliban shari'a na nesa ta bidiyo, waɗanda ba su da halin zama Yamai.

"Baba, kai tela ne," in ji ta. "Mutane na zuwa wurina kamar mai kawo maka yadi bayan an riga an yanka shi ba daidai ba. Na gaji da faci. So nake in same su tun ba a sa almakashi ba."

Yayana bai ji ko ɗaya ba. Ya ƙura mata ido ya ce, "Wa ya kore ki?"

"Ba wanda ya kore ni."

"Mutum na barin wagga riga da ƙafa tai?"

Ya tashi ya rufe keke, ya ɗauki ledar, ya kulle shago tun la'asar ba ta yi ba, ya bar mu tsaye a bakin titi da kwanon dambu. Ni kaina raina ya ɓaci, ba zan ɓoye ba. Na wanke ta tas a wurin, na ce ta rasa abin da za ta musanya kotu da shi sai waya, abin da yara ke kallon rawa a ciki.

Da abin ya tsaya nan, da rigimar cikin gida ce, a yi fushi a huce. Amma yayana ya ƙi buɗe shago. Alhaji Mutari, maƙwabcinsa mai sayar da zare da maɓallai, ya ga shiru ya bi shi gida, ya same shi zaune a ƙofar zaure da baƙar riga a kan cinya. Ya tambaye shi lafiya. Yayana ya ce, "Huda ta maido riga." Iyakar abin da ya faɗa ke nan. Alhaji Mutari ya dafe kai ya yi salati, ya ce, "Ashe abin da ya samu ke nan! Allah shi kiyaye gaba." Yayana ya ce amin. Alhaji ya koma ya sanar da ƴan fadarsu ta shayi, kafin azahar an fara sallama a ƙofar gida. Baƙo kuwa ba a barin sa a tsaye, sai aka fito da tabarma.

Kowa ya san abin da ake yi wa jaje a wurinmu. Gobara ce, ko sata, ko haɗarin mota, ko a raba mutum da aikinsa, wato abin da ya faɗo maka ba da sonka ba. Ba a taɓa yi wa mutum jajen abin da ya zaɓa da hankalinsa ba. Kuma mai zuwa jaje ba ya tambayar yadda aka yi, rashin kunya ne. Ya yi addu'a, a ce amin, ya sa takalminsa. To haka aka yi ta yi, babu wanda ya tambaya, babu wanda aka gaya wa, kowa ya tafi ya cike gurbin da abin da ransa ya ba shi.

Da labari ya iske ni a kasuwa na ɗauka ƙarya ce. Na hau kabu-kabu na nufi Boukoki. Ina shan kwana na hango takalma birjik a ƙofar gida kamar ranar suna. Ga yayana a tsakiyar tabarma, kai a sunkuye, ana ta "Allah shi sa iyakarta ke nan," yana ta "amin, na gode." Na aika aka kira shi cikin zaure.

"Yaya, don girman Allah naɗe tabarmar ga."

"In kori mutane? Sun zo mini jajen abin da na rasa."

"Mi ka rasa? Mutuwa ta yi?"

"Zeinabou, ba ke kika ɗinka rigar ba," ya ce, ya juya ya koma ya zauna.

Shi a ransa rigarsa yake wa kuka, da sunan Metir da yake tinƙaho da shi. Bai san abin da gari ke karantawa a tabarmar ba. Na fita ina huci, na daina kai masa dambun Juma'a.

Magana ta fara da "an kore ta." Kafin ka ce me, ta zama ta ci kuɗin mai ƙara ta ci na wanda ake ƙara. Daga nan ta zama da ƙyar aka roƙa ba a rufe ta ba. Mata su zo rumfata kamar masu taya atamfa, su sassauta murya su ce, "Sannu hwa Zeinabou, ƴaƴan yanzu sai addu'a." Wata har da cewa ita dama motar nan tun farko ba ta kwanta mata ba. Saura kaɗan in sauke mata sandar awo a ka, sai da aka riƙe ni.

Abin da ya sa zancen ya fi ƙarfin tsegumi shi ne, sabon aikin Huda ba shi da jari sai sunanta. Wanda zai buga waya ya ɗauki shawarar muryar da ba ya ganin mai ita, dole ya yarda mai muryar ba maciyiya amana ba ce. An shirya za a buɗe lambar a taron ƙungiyar matan kasuwa, shugabarmu Hajiya Hadiyya ta yi alkawarin tara mata da raba lambar har ƙauyuka. Kamfanin wayar da ya ba su layin kuma ya ce na gwaji ne, in ba a samu masu bugowa ba zai karɓe abinsa. Ana cikin haka Hajiya Hadiyya ta aiko cewa an ɗage taro, ba ta sa wata rana ba.

Huda ta je ta same ta da kanta, har da takardar ofishin lauyoyi mai nuna ita ta nemi tafiya. Hajiya ko kallon takardar ba ta yi ba.

"Ɗiyata, takarda kowa na iya buga ta ga kwamfuta. Mu tabarma muka gani. Uban da ya haife ki ya amshi jaje, ni ce zan ƙaryata shi?"

Daga can Huda ta yo rumfata. Ta haye kan dila kamar da, sai dai wannan karon ba ta harɗe ƙafa ba. Tunda nake da ita ban taɓa ganin ta rasa amsa ba sai ranar. Ta ce, "Gwaggo, na san yadda ake karya shaidar ƙarya a gaban alƙali. Amma wannan shaidar Baba ne, kuma bai faɗi ƙarya ko ɗaya ba. In tsaya cikin kasuwa in ce ubana bai san abin da yake yi ba? Gara layin ya tahi." Tausayinta ya kama ni har na manta ina fushi da ita.

Washegari na rufe rumfa na tafi Boukoki da niyyar in amayar wa yayana abin da ke cikina, babba ko ba babba ba. Na same shi ya koma shago. Ban kai ga zama ba sai ga Alhaji Mutari ya shigo da kwalin zare. Mutumin kirki ne, ba da mugunta ya yi ba. Ya ɗaga kai ya dubi hoton rantsuwa ya ce, "Malam Isaka, da ka sauke hoton ga. Masu kawo ɗinki na gani. Kai ba ka ci amanar kowa ba, bai kamata laihin wani shi shahe ka ba."

Ƙafar yayana ta tsaya a kan keke. "Wa ya ci amana?"

"Haba, a bar tone-tone. Ai mun san ba tarbiyyarka ba ce."

"Na ce wa ya ci amana? Wa ya gaya maka?"

Alhaji Mutari ya dube ni ya dube shi. "Kai mana."

"Ni? Yaushe?"

"Mun zo jaje, ka amsa."

Na ga fuskar yayana ta sauya kamar an watsa mata toka. Ya juyo wurina a hankali. "Zeinabou, haka ake cewa?"

"Har da ƙari," na ce. Na zayyana masa komai, tun daga cin kuɗi biyu har zuwa maganar Hajiya Hadiyya, ban rage masa ko ɗaya ba, har da cewa ƴarsa ta zaɓi aikinta ya mutu da ta ƙaryata shi a bainar jama'a.

Yayana ya miƙe, ya zura babbar rigarsa ta Juma'a, ya gyara hula, ya ɗora baƙar rigar Huda a hannu. Ya tsaya a gaban Alhaji Mutari ya ce, "Alhaji, jajen da ka yi mini, na maido maka abinka. Ba a kori ɗiyata ba."

Alhaji ya ja da baya har ya taka kwalin zarensa. "Subhanallahi! Ana maido jaje?"

"Yau an hwara."

Wallahi na ɗauka kansa ya taɓu. Na bi shi a baya ina "Yaya, Yaya," bai ko waiga ba. Ya bi layin teloli shago shago, ya shiga unguwa gida gida, duk wanda ya tuna ya zauna masa a tabarma sai ya yi masa sallama ya mayar masa. Lokacin zafi ne, ƙasa na ƙuna ta cikin takalmi, ga shi mutum ne da ko masallaci zai je sai ya huta a hanya. Jama'a suka rasa abin cewa, domin jaje yana da amsa, mayar da jaje kuwa babu wanda ya gaji amsarsa. Wani ya ce amin, wani ya ce madalla, wani ya tsaya da kofin shayi a hannu har ya huce. Wata tsohuwa ta riƙe haɓa ta ce, "To ni in sa shi ina?"

A ƙafa muka isa Babbar Kasuwa, da ayarin ƴan kallo a bayanmu. Ni dai a hanya na buga wa Huda na ce ta bar duk abin da take yi ta zo, ubanta ya fita da abin da ban san sunansa ba. Ya wuce kai tsaye rumfar Hajiya Hadiyya, gumi ya jiƙa masa riga sharkaf.

"Hajiya, ke ba ki zo jaje ba, amma an kawo miki saƙonsa. Ɗiyata ita ta aje aiki da kanta. Ban so ba, har yanzu ban so ba. Amma ba ta ci amanar kowa ba. Ni na shimfiɗa tabarmar da ba ta kamata ba."

Hajiya Hadiyya, macen da ba a taɓa ganin ta tashi wa kowa ba, ta miƙe tsaye ta ba shi kujerarta. Ta ce, "Malam, na ji, na kuma yarda. Amma ƙafarka ba ta kai inda maganar ga ta kai. Ta bi waya ta tahi Maradi, ta tahi Damagaram. Gida nawa za ka shiga?"

A daidai nan Huda ta kutso cikin mutane. Da ta ga ubanta da rigar a hannu, leɓensa ya bushe, sai ta zube a gabansa. Ya dube ta ya ce, "Metir, wannan abin naku na waya, yana kai murya Damagaram?"

"Har Diffa, Baba."

"To tashi ki kai ni."

Ɗakin da suke ɗaukar murya a Yantala wani ɗan ƙuƙut ne, an lilliƙa katifar soso a bango don kada ƙarar titi ta shiga. Halimatou ta zaunar da shi gaban abin magana, ta fara koya masa gaisuwar da suka tsara mai bugowa zai fara ji. Ya ɗaga mata hannu ya ce ta kunna kawai. Ya gyara murya ya ce:

"Salamu alaikum. Ni ne Isaka tela na Boukoki, uban Metir Huda. Ba korar ta aka yi ba, ita ta aje da kanta, ni ma ban so ba. Ku saurare ta, ba ta ƙarya. Mai son Hausa shi danna ɗaya, mai son Zabarmanci shi danna biyu."

Halimatou ta zaro ido ta dafe ƙirji. Ta ce ba a taɓa buɗe layin kamfani da irin wannan ba, mutanen kamfanin waya za su yi musu dariya, a sake ɗauka. Huda ta ce ko wasali ɗaya ba za a taɓa ba.

Haka aka buɗe layin. Da farko mutane bugowa suke don su ji tsohon da ya mayar da jaje, su miƙa wa na kusa shi ma ya ji. Tunda kuma an riga an bugo, sai a danna ɗaya a ji me ƴar tasa za ta ce. An yi taron matan kasuwa, rumfa ta cika ta batse. Yau Huda na da ɗalibai a garuruwan da ba ta taɓa takawa ba, direbobin tasha kuma sun haddace lambar. Har yanzu akwai masu cewa ruwa ba ya... a'a, bar su, masu baki ba sa ƙarewa, ni dai na daina ɗaukar sandar awo a kansu.

Yayana bai taɓa cewa ya ji daɗin canjin ba, kar in yi masa ƙarya. Rigar ya rataye ta a shago kusa da hoton, duk Juma'a ya kaɗe ta ya goge, wai ko za ta sake shawara.

Bara da damina Allah ya yi masa rasuwa. A kan tabarmar nan dai muka karɓi gaisuwa, wannan karon babu wanda za a mayar wa. Bayan an share makoki Halimatou ta tambayi Huda ko a cire muryar, tunda mai ita ba ya duniya. Huda ta ce a bar ta.

Yadda Halimatou ta tsara abin, idan ka bugo ba ka danna komai ba, gaisuwar sake farawa take yi daga farko. Ni ba ni da shari'a da kowa, ban taɓa neman sanin abin da ke bayan ɗaya ko biyu ba. Amma duk Juma'a idan an sauko daga masallaci, lokacin da a da nake ɗaukar kwanon dambu, nakan ja labulen rumfa in buga lambar, in kara wayar a kunne, in ƙi danna komai.